Ƙyalle Mai Ninki Biyu

Ranar Laraba da hantsi, matan da suka je wanki tafkin tsohuwar haƙar kuza da ke Tudun Kuza, kudu da Jos, suka tarar da saniyar Ardo Gidado kwance a bakin ruwa, harsashi ya shige ta ta bayan kafaɗa. Kafin azahar labari ya isa Bukur, ya isa cikin gari. A Filato ba a buƙatar a gaya wa kowa abin da gawar saniya ɗaya take iya jawowa. Masu shaguna suka rufe ƙofa ɗaya suka bar ɗaya, iyaye suka kira 'ya'yansu gida, kowa yana duban maƙwabcinsa ta gefen ido.

Da aka feɗe saniyar, mahauci ya zaro dunƙulen dalma wanda bai fi gurjiya girma ba, ya wanke shi ya ɗora a tafin hannu. Harsashin ya fi dalmar kasuwa haske saboda an gauraya shi da kuza, kuma a gefensa akwai siririn layi da tsagar mazubi take bari. Mutum ɗaya ne a duk yankin yake zuba irinsa, wato Pam, wanda ake kira Da Pam don girmamawa, tsohon maharbin da ya shekara hamsin da ɗoriya yana riƙe da adaka, bindigar nan da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki.

Aka kira shi. Ya zo a hankali, 'yarsa Suzana tana gefensa. Bai ko dubi harsashin ba ya ce da Datong, Sarkin Bakan ƙungiyar maharba, "Ni ne. Gyado na nema, aladen dajin nan, yana cinye mini dankali. Saniya na samu. A kawo bindiga na a karya."

Ardo Gidado ya dube shi ya ce, "Da Pam, shekara talatin muna shan ruwan tafki ɗaya. Ban taɓa jin ka nemi abu ka sami wani ba. Idan harsashinka ya sami saniyata, to ita ka nema."

Abin da mutane suke raɗa wa juna ke nan, shi dai ya faɗa a fili. Ƙwarewar Da Pam ita ce ta zama shaida a kansa. Dokar ƙungiyar kuwa sananniya ce: bindigar da ta kashe dabbar gida, karya ta ake yi a gaban jama'a. In kuma aka tabbatar da gangan ne, sai a cire sunan mai ita daga cikin maharba, ba ya sake fita farauta da kowa, ranar da ya mutu kuma ba a harba masa bindigar ban kwana.

Datong ya so a gama a ranar, don hankalin gari ya kwanta. Ana cikin haka keke mai ƙafa uku ya sauke Malam Tanimu daga Anguwan Rogo. Shi ne mai bin sawu na ƙungiyar, dattijo mai kimanin shekarun Da Pam, kuma abokinsa tun suna samari.

"Sarkin Baka," in ji shi bayan gaisuwa, "a shekarar da kasuwar Taminus ta ƙone, wani maharbi ya amsa laifin harbin jaki a Gero, muka ƙi karya bindigarsa sai da na taka ƙasar. A shekarar husufin rana ma haka aka yi da akuyar limamin coci. Ba a taɓa karya bindiga a kan maganar baki kawai ba, ko da bakin mai ita ne. Ina neman kwana uku."

Datong ya dubi Ardo. Ardo ya ce, "Zuwa Asabar. Bayan nan ba na iya riƙe samarina da baki."

*

Malam Tanimu bai tsaya wajen gawar ba, domin ƙafa ɗari ta riga ta tattake wurin. Gonar dankalin Da Pam ya nufa, wadda take kan tudu, shingen ƙyarana ya kewaye ta. A kusurwar gabas ya ga inda gyado ya tona kunya uku, ya ga kuma inda ya zabura da gudu ya faɗa cikin duwatsu. Babu ɗigon jini ko ɗaya. An harbe shi ke nan, ba a same shi ba.

Ya juya baya yana bin ciyawar da ta kwanta har bayan wani dutse. Nan maharbin ya ɓuya. Sawun takalmin ruwa ne, kuma a dunduniyar hagu akwai faci mai kusurwa uku. Malam Tanimu ya san facin, domin yana zaune aka yi shi. Takalmin Da Pam ne.

Duk da haka ya durƙusa bayan dutsen ya dubi inda gyadon ya tsaya. Taku talatin ne, fili fayau. Saniyar kuwa tana can ƙasa wajen ruwa, ta hagu, nesa da layin harbin. Mai shekara guda da bindiga ma da wuya ya kauce haka.

Sai ya miƙe ya fara abin da maharban zamani suka daina yi. Duk wanda ya ɗura adaka yakan naɗe harsashi da ɗan ƙyalle mai maiƙo kafin ya tura shi da sandar ɗuri, kuma idan aka harba, ƙyallen yakan rabu da harsashi ya faɗi taku goma ko sha biyu daga bakin bindiga. Malam Tanimu ya yi ta ƙirga taku yana buɗa ciyawa da sandarsa. A taku na sha ɗaya ya same shi maƙale a jikin ƙaya, gefe guda ya yi baƙi da wuta, yana ƙamshin man kaɗanya.

Ya ɗauka ya murza da yatsa. Ƙyallen ya rabu gida biyu. An ninka shi ne.

Ya zauna a kan dutse. Babu maharbin da ya koyi aiki a hannun Da Pam da bai haddace karatunsa ba. Ga gada da mazo, dalma zalla mai laushi, don ta baje a cikin nama. Ga gyado mai kaurin fata da ƙashin kafaɗa, a ƙara kuza kashi ɗaya cikin goma don harsashi ya ratsa. Guntun rodi da boris kuwa, ko kyauta aka ba ka ka zubar. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne awo: kowace bindiga da faɗin bakinta, kowane baki da harsashinsa. Ƙyalle ɗaya tak, harsashi ya sauka da turi mai ƙarfi, ba da duka ba, ba kuma ya zurma da kansa ba. Wanda ya ninka ƙyalle ya amsa ke nan cewa harsashinsa ya yi wa bindigarsa kaɗan, irin wannan kuwa rawa yake yi a cikin bututu ya fita inda ya ga dama. Malam Tanimu ya taɓa ganin Da Pam ya ƙwace bindigar wani ɗan majalisa a tsakiyar daji saboda ninkin ƙyalle.

Ya naɗe ƙyallen a cikin takarda ya sa a aljihu. Bai nuna wa kowa ba.

*

Washegari ya tafi kasuwar Katako. Kowa ya san mutum ɗaya ne Da Pam ya taɓa bai wa harsashinsa kyauta, wato Gyang mai sayar da katako, kuma kowa ya san bara Gyang ya yi cacar baki da makiyayan Ardo a kan masararsa. Tuni wasu suka fara ambatar sunansa.

Ya same shi zaune a kan tulin falanki yana cin gasasshiyar masara, garin katako ya yi masa fari a gira.

"Baba Tanimu, sannu da zuwa. Na san abin da ya kawo ka. Tun jiya matana ta ce in gudu Legas."

"Me ya hana ka?"

"Da wannan tumbin? Kafin in kai Mararraba an kama ni." Ya share benci da hularsa. "Zauna, Baba. Gaskiya ne na zagi yaran Ardo, har na ce zan yi kilishi da shanunsu. Baki ne kawai. Ardo ya aiko mini da nono kwano biyu, magana ya mutu."

"Harsashin da Da Pam ya ba ka fa?"

Gyang ya shiga cikin shago ya fito da gwangwanin madara, ya zazzage a kan benci. Guda goma aka ba shi, guda goma ne, ko ɗaya bai yi baƙi ba.

"Ba su shiga bindiga na daidai. Bakinta ya yi faɗi, suna zurmawa kamar tsakuwa a rijiya. Na ji kunyar in gaya masa." Ya rage murya. "Kuma bindigar ma tana wurin Moruf mai gyara tun Ista. Na ɗura mata guntun rodi, bututu ya tsage. Don Allah, Baba, kar Da Pam ya ji. Gara a ce ni na harbi saniyar."

Malam Tanimu ya yi murmushi, karo na farko tun Laraba. "Wannan laifin naka sai mun zauna a kansa daban."

*

Shagon Moruf yana Nasarawa Gwom, bayan masu walda. Kakansa ne ya zo daga Ogbomosho yana ƙira, ubansa ya gaji gyaran adaka, shi kuma ya gaji uban. Babu bindigar maharbi a yankin da ba ta taɓa kwana a shagon ba.

Ya nuna bindigar Gyang a jingine, tsagar ta kai tsawon yatsa. "Ga ta nan, Oga Tanimu. Wannan ko kaza ba ta harba ba tun watan huɗu."

Malam Tanimu ya miƙa masa harsashin da aka ciro daga saniyar. Moruf ya juya shi a gaban haske, ya gwada shi a ramukan wani faifan ƙarfe na awo.

"Zubin Da Pam ne, babu shakka. Amma duba nan. Harsashin da ya matse a bututu, saƙar ƙyalle tana fitowa a jikinsa kamar ɗamara. Wannan sumul yake. Bai matse ba."

"Bindiga nawa ka sani da bakinsu ya fi na Da Pam faɗi?"

Moruf ya ƙirga da yatsunsa masu baƙin mai. "Na Gyang, ga ta. Na Sarkin Baka Datong."

"Datong yana Pankshin wajen biki tun Litinin, da safiyar Laraba ya dawo. Tare da surukina suka shigo mota."

"To saura ɗaya, amma mai ita ba ya harbi." Moruf ya ajiye faifan. "Na Mwadkon. Babana ne ya ƙera bututun, shi kuma Mwadkon ya zaɓi katakon da kansa a Katako ya sassaƙa."

Mwadkon shi ne ɗan Da Pam namiji tilo. Shekara huɗu ke nan da mota ta kife da shi a Hawan Kibo. Malam Tanimu yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kuma ya tuna abin da uban ya sa aka binne tare da shi: jakar farautarsa, da ƙahon albarushi, da mazubin harsashinsa. Bindigar ce kawai aka bari a gida. Ke nan babu sauran harsashin da ya dace da ita a duniya.

"Da Pam yana zuwa nan kuwa?" ya tambaya.

"Ya fi shekara ban gan shi ba. Suzana ce take zuwa karɓar masa albarushi. Ta ce ƙafa ke damunsa."

Malam Tanimu ya yi godiya ya fita. A ranar Laraba ya ga tafiyar abokinsa, kuma ba tafiyar mai ciwon ƙafa ba ce.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau mota zuwa Tudun Kuza. Ya tarar da Da Pam zaune a ƙofar ɗaki yana fuskantar rana. A ɗaya ɗakin keken ɗinkin Suzana yana ta ƙara. Tun rasuwar mahaifiyarta ta dawo gidan da kekenta, ita ce noma, ita ce girki.

"Tanimu ne," in ji Da Pam tun kafin ya yi sallama. "Har yanzu kana jan ƙafar dama."

"Kai kuma har yanzu kana bin alade kamar wanda aka yi wa baki."

"Ka ɗanɗana sau ɗaya, ka ga ko za ka sake zagi."

"Shekara hamsin kana wannan wa'azi, ko mabiyi ɗaya ba ka samu ba."

Suzana ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo gwaten acca a kwano biyu. Ta ajiye na mahaifinta, ta ɗan buga cokali a bakin kwanon kafin ta saki. Da Pam ya miƙa hannu inda ƙarar ta fito. Malam Tanimu ya ga wannan, ya kau da kai. Da ta koma ciki, sai ya zaro ɓarin goro daga aljihu ya ɗaga shi a gaban fuskar abokinsa, ya riƙe. Idanun suna buɗe, farin hazo ya rufe tsakiyarsu, ba su motsa ba.

"Tun yaushe, Pam?"

Tsohon ya ajiye cokali. "Damina biyu. Na hagu ya fara. Yanzu rana kawai nake gani, da inuwa."

"Gyado biyun da aka ce ka kashe bara fa?"

"An ce na kashe."

Malam Tanimu ya tashi ya leƙa ɗakin. Bindiga biyu ne a rataye. Ta Da Pam gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ta Mwadkon kuwa an goge ta da mai, da ya kai hanci sai ya ji warin albarushi.

"Suzana ce. Bara da tawa ta harba," in ji Da Pam daga waje, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni nake ɗura mata da hannuna, ita ta fita da takalmina. Amma kunamar bindigata ta yi tauri, tana fizge mata hannu. Da asubar Laraba ina barci ta ɗauki ta ɗan'uwanta. Ban koya mata awo ba, Tanimu. Na koya wa rabin Filato, ban koya wa 'yata ba, don ina jin kunyar a ce mace nake koya wa. Laifin wa ke nan?"

"Ka san in aka tafi a kan maganarka, da gangan za a ce."

"Na sani."

"Za a cire sunanka. Ardo kuma zai kwana da cewa maƙwabcinsa na shekara talatin ya ƙi shi. Ka san abin da ke biyo bayan wannan."

"Bindiga na ta gama aikinta, a karya. Amma ta Mwadkon, ita kaɗai ta rage mini da hannunsa ya taɓa. Da safe nakan shafa katakon, in ji inda wuƙarsa ta bi." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton abokin yake, ya ɗan kauce. "Ka bar ni, Tanimu. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Malam Tanimu ya dawo ya zauna kusa da shi har kafaɗunsu suka haɗu. "Ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Gobe zan faɗi abin da na gani a gona. Suna kuwa ba zan kira na kowa ba."

Sai a lokacin ya lura keken ɗinkin ya daɗe da yin shiru.

*

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ƙarƙashin mangwaron filin makaranta. Maharba suka zauna gefe guda, Ardo da mutanensa gefe guda, mutanen gari a tsaye a baya. Gyang ya zo, Moruf ya zo da zartonsa na yankan ƙarfe. Aka shimfiɗa buhu aka kwantar da bindigar Da Pam a kai.

Datong ya ba Malam Tanimu izini. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Harsashin na Da Pam ne. Takalmin da ya tsaya bayan dutse nasa ne. Gyang da ake ta ambata, bindigarsa a tsage take tun Ista, dalilin tsagewar kuwa ya roƙe ni in rufa masa asiri." Aka ɗan yi dariya, Gyang ya sunkuyar da kai. "Gyado aka harba daga taku talatin, aka kuskure, harsashi ya kauce hagu ya gangara wajen ruwa. Ga abin da ya sa ya kauce."

Ya buɗe takardar ya ɗaga ƙyallen, ya raba shi biyu a gaban kowa. Tsofaffin maharba suka dubi juna. Ya sa Moruf ya share bakin bindigar Da Pam, ya karɓi harsashi ɗaya daga gwangwanin Gyang, ya naɗe shi da ƙyalle ɗaya ya ɗora a bakin. Ya zauna daram, sai da turi zai shiga. Ya cire, ya ninka ƙyallen biyu, ya miƙa wa Ardo sandar ɗuri.

"Ardo, ka fi ni ƙarfi. Tura."

Ardo ya tura har jijiyar wuyansa ta tashi. Harsashin bai shiga ba ko da faɗin farce.

"Wannan bindiga ba ta harba wannan ƙyalle ba," in ji Malam Tanimu. "Wadda ta harba shi bakinta ya fi faɗi, wanda ya ɗura ta kuma bai san awo ba. Kuskure ne na wanda ba a koya wa ba. Iyakar abin da ƙasa ta nuna mini ke nan."

"To wane ne?" in ji Datong.

Da Pam ya buɗe baki zai yi magana. Suzana ta dafa kafaɗarsa ta fito daga cikin mata, ɗauke da wani dogon abu naɗe a zani. Ta durƙusa a gaban Ardo ta warware.

"Baba Ardo, ni ce. Bindigar yayana ce, harsashin Baba ne. Na ga yana zurmawa, sai na ninka ƙyallen kamar yadda nake yi wa riga in ta yi yawa. Na ɗauka dabara na yi. Baba ba ya gani, damina biyu ke nan. Ni na roƙe shi mu ɓoye, don kar a daina gaishe shi da sunan maharbi. Ka yafe mini saniyarka, ka yafe mini kwana ukun da na bar ka kana zargin sa."

Can wani daga baya ya ce mace da bindiga, ai wannan ma laifi ne na biyu. Datong ya dubi Malam Tanimu.

"A zamanin iyayenmu," in ji Malam Tanimu, "wata gwauruwa mai suna Ana ta harbe kura a bakin garken awakinta da bindigar mijinta. Maharban lokacin ba su tuhume ta ba, rabon cinya suka riƙa aika mata duk farauta har ta rasu. Sarkin Baka, kakanka ne yake kai mata. Dokarmu bindiga ta ambata da niyya. Ba ta ambaci namiji ko mace ba."

Ardo Gidado ya tashi ya je gaban Da Pam ya tsuguna, ya daɗe yana duban idanunsa. "Watan jiya na wuce ka a hanyar kasuwa na ɗaga maka hannu, ba ka amsa ba. Na je gida na kasa cin abinci." Ya kama hannunsa. "Abin da nake so in sani ke nan, ko maƙwabcina ya ƙi ni. Maganar saniya, saniya ce ke maye ta, za mu yi ta a gida ni da kai. Sarkin Baka, in don ni ne, a bar bindigar yaron."

Datong ya fara gyaɗa kai. Kowa ya ga yana so ya amince. Da Pam ne ya girgiza kai.

"A'a. Ni na karya bindigar mutum huɗu da hannuna a ƙarƙashin wannan bishiya, ɗaya yana kuka. In aka bar ta gidana, me zan ce musu?" Ya miƙa hannu biyu. "Ku ba ni ita tukuna."

Suzana ta ɗora masa. Ya bi ta da yatsu tun daga baki har gindi, a hankali, kamar mai wanke jariri.

"Moruf, dokar ta ce a karya bindiga. Katako bindiga ne?"

Moruf ya dubi Datong, Datong ya dubi Malam Tanimu.

"Ba a taɓa tambaya ba," in ji Malam Tanimu. "Abin da aka yanke yau, shi na gaba za su ambata."

"Katako ba ya harbi," in ji Datong.

Moruf ya kwance ƙusoshi ya raba bututun da katakon, ya miƙa wa tsohon katakon. Sannan ya taka ƙarfen ya sa zarto. Ƙarar ta daɗe fiye da yadda kowa ya zata. Da Pam bai sunkuyar da kai ba har guntayen biyu suka faɗi a kan buhu. Datong ya ɗauki ɗaya bindigar ya ce sunan Da Pam yana nan inda yake, ya miƙa wa Suzana ta kai gida, ya ƙara da cewa kada ta sake ɗura ta sai an zaunar da ita an koya mata.

Jama'a suka fara watsewa. Da Pam ya miƙe, katakon a rungume a ƙirjinsa. Damina biyu yana tafiya a garin nan da ƙirgen taku da jin muryar 'yarsa, don kada kowa ya gane. Yanzu ya tsaya a tsakiyar fili, mutane suna kallo, ya ɗaga hannunsa na dama.

"Tanimu, kana ina?"

"Ga ni."

"Kawo kafaɗarka. Kuma ka riƙa faɗa mini in akwai rami, kada ka bari sai na faɗa ciki sannan ka ce ƙasa ta nuna maka."

Malam Tanimu ya ɗora hannun a kafaɗarsa, ya rage tafiyarsa daidai da ta abokinsa. Mutane suka matsa gefe suka ba su hanya.

"Akwai dutse," ya ce. "Ɗaga ƙafa."